Amurka: Yadda 'yan mazan jiyan Rifablikan suka zama baƙi a jam'iyyarsu

A zaɓen ranar 5 ga Nuwamban 2024 babu abin da jam'iyyar Rifablikan ta nema ta rasa. Donald Trump ya samu ƙuri'u 312 na wakilan jihohi, Kamala Harris ta jam'iyyar Dimokurat ta tashi da 226. Jam'iyyar ta ƙwace Majalisar Dattawa da kujeru 53 cikin 100, ta kuma ci gaba da riƙe Majalisar Wakilai. Duk da haka, cikin waɗanda sakamakon bai yi wa daɗi ba har da mutanen da suka shafe shekara talatin ko arba'in suna yi wa jam'iyyar hidima. Tun kafin zaɓe Dick Cheney, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas a ƙarƙashin George W. Bush, ya sanar cewa Harris zai zaɓa. Mike Pence, mataimakin Trump ɗin kansa a wa'adin farko, ya ƙi mara masa baya. Mitt Romney, ɗan takarar jam'iyyar a 2012, ya ce ba zai ba shi ƙuri'arsa ba. Bush kuwa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin da ke ɗaure wa mai bin labarai kai shi ne, da suna ɗaya ake kiran su duka: masu ra'ayin mazan jiya. To idan Trump ɗan mazan jiya ne, su Cheney ma haka, me ya haɗa su? Gaskiyar magana aƙidu biyu ne suka daɗe suna kwana ɗaki ɗaya, kuma zaɓuka uku a jere ne suka nuna wace ce mai gidan.

Wane ne ɗan mazan jiya na asali?

A ƙasashen Yamma ana danganta tushen wannan ra'ayi ga Edmund Burke, ɗan majalisar Birtaniya da ya soki juyin juya halin Faransa na 1789. Burke bai ce kada a canza komai ba. Matsayinsa shi ne abin da al'umma ta gada, wato kotu da majalisa da iyali da addini da dokar da aka saba da ita, ya tara hikimar da ta fi ta kowane mutum ɗaya, don haka a hankali ake gyara. A 1774 ya faɗa wa masu zaɓensa a garin Bristol cewa wakili ba ɗan aike ba ne, wajibinsa ya yi aiki da hankalinsa ko da ya saɓa wa son ransu. Bayan shekara shida kujerar ta suɓuce masa.

Ginshiƙin aƙidar ke nan: rashin amincewa da ɗan Adam idan iko ya taru a hannunsa, sarki ne ko taron jama'a. Shi ya sa ɗan mazan jiya na asali yake girmama rabon iko da hukuncin kotu da miƙa mulki cikin lumana, ko da hukuncin ya zo a kansa.

Amurkawa sun ƙara nasu a kai. Daga 1955, lokacin da William F. Buckley ya kafa mujallar National Review, zuwa nasarar Ronald Reagan a 1980, an ɗora jam'iyyar Rifablikan a kan abubuwa uku kamar duwatsun murhu. Na ɗaya, masu addini da ke adawa da zubar da ciki. Na biyu, 'yan kasuwa masu son ƙaramin haraji da cinikayya tsakanin ƙasashe ba tare da shinge ba. Na uku, masu son Amurka ta riƙe jagorancin duniya da ƙarfin soja da ƙawance irin na NATO. A wannan tsari baƙo ba abin tsoro ba ne. Reagan ne ya sa hannu a dokar 1986 da ta ba baƙin haure kusan miliyan 2.7 takardun zama.

Siyasar da'awar talakawa

Ita wannan ba ta da jerin manufofi nata na dindindin. Salo ne na kallon siyasa, wanda ke raba al'umma gida biyu: talakawa masu gaskiya a gefe, manya maciya amana a gefe. Sai a samu jagora ya ce shi ne bakin talakawa. Daga nan duk abin da ya tare masa hanya, alƙali ne ko ɗan jarida ko ma'aikacin gwamnati ko dattijon jam'iyya, sai a lissafa shi cikin manyan da ke danne jama'a.

Salon na iya fitowa ta hagu ko ta dama. A Amurka manoman da bashi da kamfanonin jirgin ƙasa suka matsa wa ne suka kafa jam'iyyar talakawa da ta tsaya takara a 1892. Hugo Chávez na Venezuela ɗan gurguzu ne, Viktor Orbán na Hungary ɗan kishin ƙasa da Kiristanci ne, amma yadda suke zana abokin gaba iri ɗaya ne.

Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan addini da iyali da kishin ƙasa, abin da ya sa aka daɗe ba a ga tsagar ba. Inda suka rabu shi ne tambaya ɗaya: idan abin da jama'arka ke so ya ci karo da doka, wa zai janye?

Wutar ta daɗe tana ci a ƙasa

Ba Trump ne ya fara ba. A 1992 Pat Buchanan ya ƙalubalanci Shugaba Bush babba a zaɓen fid da gwani da kusan saƙon da ake ji yau: a rage baƙi, a kare masana'antu, a daina shiga rigimar wasu. A shekarar ce attajiri Ross Perot ya tsaya ba jam'iyya, ya soki yarjejeniyar ciniki da Meziko, ya tashi da kusan kashi 19 cikin 100 na ƙuri'u. Shugabannin Rifablikan sun ɗauki abin a matsayin iska mai wucewa.

Sai abubuwa uku suka biyo baya. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001, kuma tsakanin 2000 da 2010 ayyukan masana'antu a Amurka suka faɗo daga kusan miliyan 17 zuwa ƙasa da miliyan 12. Masana tattalin arziki har yau suna jayayya kan nawa ne laifin Sin, nawa ne na injinan da suka maye gurbin mutane, amma wanda aka rufe masana'antar garinsu a Ohio ko Michigan bai jira ƙarshen jayayyar ba. Na biyu shi ne yaƙin Iraƙi na 2003, wanda aka shiga da hujjar makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba. Sojojin Amurka fiye da 4,400 suka mutu, Iraƙawa kuwa dubu ɗaruruwa. Na uku shi ne durƙushewar tattalin arziki a 2008, inda Bush ƙarami ya sa hannu a dokar ware dala biliyan 700 don ceto bankuna a daidai lokacin da miliyoyin iyalai ke rasa gidajensu.

Dukkan ukun da sa hannun 'yan mazan jiya na asali. Wannan shi ne raunin da har gobe ba su warke daga gare shi ba.

Da Romney ya sha kaye a 2012, uwar jam'iyya ta fitar da rahoto a 2013 tana ba da shawarar a sassauta kan baƙi don jawo masu asalin Latin Amurka. Magoya baya suka nufi wata hanyar daban. A 2014 wani malamin jami'a da ba a sani ba ya kayar da Eric Cantor, na biyu a shugabancin Rifablikan a Majalisar Wakilai, a zaɓen fid da gwani. A 2015 kakakin majalisar, John Boehner, ya ajiye muƙami saboda matsin 'yan jam'iyyarsa.

Cikin wannan yanayi Trump ya shigo takara tare da manyan 'yan takara 16. Ya ce yaƙin Iraƙi kuskure ne, a gaban Jeb Bush, ƙanin wanda ya ƙaddamar da shi. A Disamban 2015 ya nemi a hana Musulmi shiga Amurka kwata-kwata, har sabon kakakin majalisa Paul Ryan ya fito ya ce wannan ba ra'ayin mazan jiya ba ne. A Janairun 2016 National Review ta sadaukar da fitowa guda sukutum don sukarsa. Ƙungiyar da ke mara wa Jeb Bush baya ta tara fiye da dala miliyan 100, amma bai wuce watan Fabrairu a takarar ba.

Cinikin da aka ƙulla bayan 2016

Kaɗan ne suka fice tun da wuri. Marubuci George Will ya bar jam'iyyar a Yunin 2016. Sanata Jeff Flake da Sanata Bob Corker sun haƙura da sake tsayawa. Mafi yawa suka zauna bisa wani lissafi: a jure halin mutumin, a karɓi abin da zai bayar.

Kuma ya bayar. Dokar haraji ta 2017 ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21. An naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli, Neil Gorsuch da Brett Kavanaugh da Amy Coney Barrett, waɗanda da ƙuri'unsu aka soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a Yunin 2022, burin da masu addini suka yi kusan shekara hamsin suna bi. A ɗaya gefen kuwa ya ɗora harajin kashi 25 kan ƙarfen da ake shigo da shi, bashin ƙasa kuma ya ƙaru da kusan dala tiriliyan 7.8 a shekara huɗu, ko da yake annobar korona na da babban kaso a ciki. 'Yan mazan jiya suka haɗiye waɗannan. A tunaninsu jam'iyya tasu ce, shi kuwa ɗan haya ne.

2020: inda tsagar ta fito fili

Joe Biden ya ci zaɓen 2020 da ƙuri'un wakilai 306 da 232, da ƙuri'un jama'a kusan miliyan 81 da miliyan 74. Trump ya ce an yi maguɗi. Shi da magoya bayansa sun shigar da ƙara fiye da 60, kusan duka aka yi watsi da su, wasu ma a gaban alƙalan da shi ya naɗa. Ministan shari'arsa, William Barr, ya ce ba a ga maguɗin da zai canza sakamako ba.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka tare hanyar soke zaɓen yawancinsu 'yan Rifablikan ne, kuma irin 'yan mazan jiyan da ake magana a kai. Ranar 2 ga Janairun 2021 Trump ya kira Brad Raffensperger, jami'in da ke kula da zaɓe a jihar Jojiya, suka yi kusan awa ɗaya a waya. An riga an ƙirga ƙuri'un jihar sau uku, ɗaya da hannu, Biden na gaba da 11,779. Trump ya ce yana so a nemo masa ƙuri'a 11,780. Raffensperger, wanda shi ma ya zaɓi Trump, ya amsa masa cewa alƙaluman da ke hannunsa ba daidai ba ne. A Arizona, kakakin majalisar jiha Rusty Bowers ya ƙi kiran zaman da za a canza wakilan jihar. Daga baya ya shaida wa kwamitin majalisar tarayya cewa ba zai karya rantsuwarsa ba, ya kuma ba da labarin yadda masu zanga-zanga suka riƙa zuwa ƙofar gidansa da lasifika alhali 'yarsa na kwance ciki tana fama da matsanancin ciwo.

Ranar 6 ga Janairu aka nemi Pence, a matsayinsa na mai jagorantar zaman ƙirga ƙuri'un wakilai, ya ƙi karɓar na wasu jihohi. Ya rubuta cewa tsarin mulki bai ba shi wannan iko ba. Da taron magoya baya ya fasa ginin majalisa, an ji wasu suna kiran a rataye shi. 'Yan sanda kusan 140 suka ji rauni.

Ba harin kansa ne ya fi karya wa 'yan mazan jiya gwiwa ba, abin da ya biyo baya ne. A daren, bayan an share ginin, 'yan majalisa 147 na Rifablikan suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da sakamakon wasu jihohi. 'Yan Rifablikan 10 kacal a Majalisar Wakilai suka goyi bayan tuhumar tsige Trump, sanatoci 7 kuma suka same shi da laifi, aka tashi 57 da 43, ba a kai biyu bisa ukun da ake buƙata ba. Jagoran sanatocin jam'iyyar, Mitch McConnell, ya kaɗa ƙuri'ar wanke shi, sannan ya miƙe ya ce alhakin abin da ya faru na wuyan Trump. Cikin goman nan, biyu ne kawai suka koma majalisa bayan zaɓen 2022. Huɗu suka faɗi a fid da gwani, huɗu suka haƙura. Liz Cheney, 'yar Dick Cheney, wadda kusan ko da yaushe take kaɗa ƙuri'a tare da manufofin Trump, an cire ta daga shugabanci a Mayun 2021, sannan aka kayar da ita a Wyoming da tazarar fiye da maki 35. Bowers ma ya faɗi.

Wato dai ma'aunin zama ɗan jam'iyya na gari ya tashi daga aƙida ya koma biyayya. Amma ba ko'ina ba: Raffensperger da gwamnan Jojiya Brian Kemp sun ci fid da gwani a 2022 duk da Trump ya tsayar musu da abokan hamayya. Bambancinsu da Liz Cheney shi ne sun ƙi abin da aka nema sau ɗaya, suka yi shiru, ita kuwa ta mai da abin yaƙi.

2024: uzuri ya ƙare

Har zuwa 2024 akwai hujja ɗaya da 'yan mazan jiya ke riƙe da ita: mutumin nan ba ya cin zaɓe. A 2016 Hillary Clinton ta fi shi ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 2.9. A 2018 jam'iyya ta rasa Majalisar Wakilai, a 2020 ta rasa fadar shugaban ƙasa da Majalisar Dattawa, a 2022 'yan takararsa da dama suka faɗi a jihohin da ake sa ran ci. Lissafin shi ne idan kaye ya yi yawa, jama'a za su dawo gida.

Nikki Haley ta gwada wannan a fid da gwani. Ta ci Vermont da birnin Washington kawai, ta janye a watan Maris, daga baya ta ce shi za ta zaɓa. A watan Mayu kotu a New York ta samu Trump da laifuka 34, abin bai rage masa komai a jam'iyya ba. A Oktoba Liz Cheney ta hau dandali ɗaya da Harris a Ripon ta jihar Wisconsin, ƙaramin garin da ake cewa a nan aka haifi jam'iyyar Rifablikan a 1854, tana kira ga 'yan uwanta su tsallako. Trump ya ci Wisconsin, ya ci sauran jihohi shida da ake takara a kansu, ya kuma zama ɗan Rifablikan na farko tun 2004 da ya fi yawan ƙuri'un jama'a.

Wani abin da ya ƙara yi musu ciwo shi ne inda ƙuri'un suka fito. Masu asalin Latin Amurka da rahoton 2013 ya ce sai an sassauta za a samu, Trump ya same su ba tare da ya sassauta ba. Ya ci ƙaramar hukumar Starr da ke bakin iyakar Texas da Meziko, wadda ta yi fiye da shekara 100 ba ta zaɓi ɗan Rifablikan ba. Ya zo na ɗaya a Dearborn ta Michigan, garin da Larabawa suka fi yawa, inda fushin yaƙin Gaza ya raba mutane da Dimokurat. A can sunan Cheney ba abin talla ba ne.

Akwai masu ganin an zuzuta nasarar. Tazarar ba ta wuce maki ɗaya da rabi ba, Trump bai kai kashi 50 ba, kuma tsadar rayuwa, wadda ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, ta kayar da masu mulki a wurare da yawa a 2024, daga Birtaniya har Ghana. Wannan gaskiya ne game da ƙasar. Game da jam'iyyar kuwa babu sauran jayayya.

Me kowane ɓangare ke cewa?

Waɗanda suka yanke ƙauna suna cewa abin da ake yi yanzu kishiyar aƙidarsu ne. Suna nuni da afuwar da aka yi wa mutum kusan 1,500 na harin majalisa a ranar farko ta sabon wa'adi, har da waɗanda suka doki 'yan sanda. Suna nuni da harajin shigo da kaya da aka ɗora wa kusan duk duniya a Afrilun 2025 da umarnin shugaban ƙasa, alhali tsarin mulki majalisa ya ba ikon haraji. Suna nuni da hannun jarin kusan kashi 10 da gwamnati ta karɓa a kamfanin Intel, abin da da Dimokurat ne suka yi da an kira shi gurguzu. Babbar damuwarsu ita ce duk ikon da aka tara wa shugaba yau, wanda zai gaje shi gobe zai same shi a ajiye, ko daga wace jam'iyya ya fito.

Masu da'awar talakawa suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna tambaya: a shekara arba'in me kuka kare? Masana'antu sun tafi, iyaka ta zama a buɗe, jami'o'i da manyan kafafen labarai sun koma hannun masu sassaucin ra'ayi, ku kuna ta maganar ladabi. A ganinsu hukumomin da ake cewa a girmama sun daɗe da ɗaukar ɓangare, saboda haka girmama su miƙa wuya ne. Suna kuma cewa wanda ya kai ƙasa yaƙi bisa hujjar da ba ta tabbata ba, ba shi da bakin yi wa wani wa'azin gaskiya. Wasu manyansu ma tsofaffin masu suka ne: JD Vance ya yi kaca-kaca da Trump a 2016, Marco Rubio ya kara da shi a fid da gwani, yau ɗaya mataimakin shugaban ƙasa ne, ɗaya ministan harkokin waje.

Rukuni na uku shi ne mafi yawa kuma mafi shiru: waɗanda ba su gamsu ba amma suka zauna. Hujjarsu ita ce wanda ya fita ba shi da ta cewa, kuma Dimokurat sun fi nisa da su a kan addini da haraji. Masu sukarsu na cewa shekara goma ke nan ana jiran gyara daga ciki, kuma na cikin ne ke canzawa.

Idan aka auna, hujjar rukunin farko ta fi ƙarfi a kan 2020, domin kotuna da jami'an jam'iyyar kansu sun tabbatar da sakamakon. Ta fi rauni a kan tambayar wa suke wakilta. Abin da zaɓukan suka fallasa shi ne cinikayya ba shinge da rage kashe kuɗin gwamnati da jagorancin duniya aƙidar shugabanni da marubuta da masu ba da kuɗi ce. Talakan da ke zaɓen Rifablikan ya daɗe yana bi ne don ba a ba shi wani zaɓi ba.

Me ya hana su kafa tasu jam'iyyar?

Tsarin zaɓe. A Amurka wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauke kujerar, na biyu ba ya samun komai. Perot da kashi 19 ɗinsa bai samu wakili ko ɗaya ba. Evan McMullin, wanda ya tsaya a 2016 da sunan 'yan mazan jiya masu adawa da Trump, ya samu kusan kashi 21 a Utah, a sauran ƙasar kuwa ba a ji ɗuriyarsa ba. Ga shi kuma yawancin mazaɓu an san jam'iyyar da za ta ci tun kafin zaɓe, don haka abin da ɗan majalisa ke tsoro shi ne fid da gwani, inda masu zafin ra'ayi suka fi fitowa.

Birtaniya ta nuna ɗaya fuskar matsalar. A 2019 Firaminista Boris Johnson ya kori 'yan majalisa 21 daga sahun jam'iyyar mazan jiya kan ficewa daga Tarayyar Turai, har da jikan Winston Churchill. A 2024 jam'iyyar ta faɗo zuwa kujeru 121, yayin da jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta kwashe kusan kashi 14 na ƙuri'u. A can daga waje aka cinye su, a Amurka daga ciki.

Abin da ya shafi talaka

Ga Ba'amurke, abin da ya fi kusa da aljihunsa shi ne harajin shigo da kaya. Mai shigo da kayan ne ke biya a tashar ruwa, kuma binciken da aka yi kan harajin 2018 ya nuna kusan duk nauyin a kan kamfanoni da masu saye na Amurka ya sauka. Ma'aikacin ƙarfe ya amfana, manomin waken suya ya yi asara da Sin ta rama, har gwamnati ta ware kusan dala biliyan 28 don rage wa manoma raɗaɗi. A kan iyaka kuwa masu tsallakowa sun ragu ƙwarai a 2025, abin da masu zaɓe da yawa suka nema, tare da kamen da ya jefa iyalan baƙi cikin fargaba.

Wani abin mamaki shi ne, a kan haraji tsohon tsari bai mutu ba. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta tsawaita ragin 2017, ta kuma rage kuɗin inshorar lafiyar marasa ƙarfi. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara giɓin kusan dala tiriliyan 3.4 a shekara goma, mutum kusan miliyan 10 kuma su rasa inshora. Sanata Thom Tillis na Rifablikan ya ƙi goyon bayanta, ya kuma sanar cewa ba zai sake tsayawa ba.

A nan yankinmu, dutsen murhu na uku ne ya fi shafar mutane, wato ra'ayin cewa taimako da rediyo da biza kayan aikin jagorancin duniya ne. A Maris ɗin 2025 masu kama Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara aiki a 1979, suka wayi gari ba shirye-shirye bayan umarnin rage hukumar da ke kula da gidan. An rushe USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje taimako, har majalisar dokokin Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe giɓi. A watan Yuni aka sa Chadi da Sudan cikin ƙasashe 12 da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka, a Yuli kuma aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya.

Ba lallai ne mai karatu ya yi kewar tsofaffin ba. Gwamnatin da ta mamaye Iraƙi a 2003 ita ce kuma a shekarar ta kafa shirin PEPFAR, wanda ke ɗaukar nauyin maganin masu ɗauke da cutar HIV a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka da dama. Tunani ɗaya ne ya haifi duka biyun: cewa abin da ke faruwa a nesa ya shafi Amurka. Sabon salon ya fi karkata ga ciniki, ba ni in ba ka, ko da yake bai hana shi amfani da ƙarfin soja ba, kamar harin da aka kai cibiyoyin nukiliyar Iran a Yunin 2025.

Sauran ƙarfin 'yan mazan jiya na asali yanzu a Majalisar Dattawa yake, inda ƙuri'a uku ko huɗu ke iya canza doka, kuma sahun na raguwa: Romney ya tafi, McConnell ya sanar cewa wa'adinsa na ƙarshe ke nan. A Yunin 2025 fadar shugaban ƙasa ta nemi majalisa ta soke dala biliyan 9.4 da aka riga aka ware, mafi yawa na taimakon ƙasashen waje. Wasu sanatocin Rifablikan, Susan Collins a gaba, suka tsaya kai da fata sai da aka cire dala miliyan 400 na PEPFAR daga jerin. Sauran biliyan 9 ɗin aka soke su da ƙuri'a 51 da 48.